Yadda Iyali Za Su Tunkari Ƙaura Idan Rusau Ya Zo Unguwa

Duk wanda ya zauna a Abuja ko kewayenta ya san abin da jan fenti a jikin bango yake nufi: alama ce ta cewa za a rushe ginin. Tun da aka ƙirƙiri babban birnin tarayya a 1976 filayensa suke hannun gwamnatin tarayya, kuma daga rusau na zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, tsakanin 2003 da 2007, har zuwa yau, ana tayar da unguwannin masu ƙaramin ƙarfi domin a shimfiɗa titi ko a gina rukunin gidaje. Wasu kuwa ba katafila ce take korarsu ba. Kwalta ce take isowa, unguwa ta yi daraja, mai gida ya ninka kuɗin haya har zama ya gagara. Ko ta wace hanya abin ya zo, shiri yana farawa ne daga ranar da aka ji labari, domin wanda ya tsaya jiran a ce an fasa, sau da yawa a gaban katafila yake kwashe kayansa.

Abu na farko shi ne takardu. A tattara takardar shaidar mallaka ko ta ciniki, rasiɗin haya, takardun haihuwa da na makarantar yara, katin asibiti da katin ɗan ƙasa, a ɗauki hoton kowace da waya, sannan a kai na asalin gidan wani amintacce a wata unguwa. A ɗauki hoton gidan ma ciki da waje, har da rijiya, shago da itatuwa. Dalili shi ne, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba gwamnati ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe wa wurin, ba ta ƙasar kanta ba. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba mai dukiya damar zuwa kotu idan bai gamsu ba. Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya mai ɗaci: a Abuja minista ne kaɗai yake da ikon ba da fili, don haka takardar da aka saya a hannun sarkin ƙauye ba ta da ƙarfin da mutane suke zato. Duk da haka kada a yar da ita, domin tana nuna tun yaushe ake zaune a wurin.

Kada mutum ya bi hakkinsa shi kaɗai. Mazauna unguwa su kafa kwamiti, su rubuta sunan kowane magidanci da abin da ya mallaka, su nemi lauya guda, kuma kowa ya tsaya a ƙofar gidansa ranar da jami'ai suka zo ƙidaya da kimanta gidaje, saboda sunan da bai shiga rajista a ranar ba yana da wuyar shiga daga baya. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya kai kuka ga Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Ɗan haya shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya, tunda diyya ta mai gida ce. Amma idan mai gidan ne yake son tayar da shi don ya sayar ko ya sake gini, dokar Abuja ta ba mai biyan haya shekara-shekara notis na wata 6, mai biya wata-wata kuma na wata guda, matuƙar yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani abu dabam ba, kuma kotu ce kaɗai take fitar da mutum. A nemi ragowar kuɗin hayar da ba a cinye ba tun kafin a miƙa makulli.

Wajen zaɓen sabon wuri ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin arhar haya kawai suke dubawa. Ɗaki a Masaka, Mararaba, Madalla ko Suleja ya fi na cikin gari sauƙi, amma sai a lissafa kuɗin motar maigida zuwa wurin aiki na wata guda, da sa'o'in da zai kwashe a cunkoso, da kuɗin ruwan da za a riƙa saya a hannun 'yan garuwa, sannan a san ko arhar ta gaskiya ce. A je unguwar da rana, a koma da dare, a tambayi maƙwabta yadda take da damina. Mafi muhimmanci, a bincika ko ita ma tana cikin wuraren da ake shirin rushewa, kuma kada a ba dillali ko sisi kafin a ga mai gidan ido da ido.

Iyali kuma suna da hakkin a gaya musu gaskiya da wuri. Uwargida da take sayar da ƙosai ko take ɗinki a cikin gida, masu cinikinta za ta bari, don haka asararta ba ta gaza ta maigida ba, kuma ya kamata a yi shawarar wurin da za a koma tare da ita. A daidaita maganar adashi da basussuka kafin a watse. Yara a faɗa musu ranar tashi, a bar su su yi sallama da abokansu da malamansu na boko da na Islamiyya, a karɓi takardar canjin makaranta. Idan akwai mai shirin jarrabawar kammala sakandare, gara a bar shi a gidan dangi na kusa har ya gama. Tsofaffi su ne abin ya fi yi wa ciwo, musamman 'yan asalin wuri irin Gbagyi waɗanda kaburburan iyayensu suke nan. A yi haƙuri da su, kada a gaggauta musu, kuma a kai su su ga sabon wurin kafin ranar tashi.

Idan ginin na mutum ne kuma rushewar ta tabbata, ya cire kwanon rufi, ƙofofi, tagogi, katako da wayoyin lantarki kafin wa'adi ya cika, domin da su za a tayar da wani ɗakin. Maƙwabtan da za su nufi gefe guda su haɗa kuɗi su ɗauki mota ɗaya.

Bayan an sauka, maigida ya gabatar da kansa ga mai unguwa da limami a makon farko, uwargida ta shiga maƙwabta gaisuwa, a nemo asibiti mafi kusa ga mai juna biyu ko mai shan maganin hawan jini. A sauya rumfar zaɓe idan hukumar zaɓe ta buɗe rajista. Kwamitin tsohuwar unguwa kuma kada a bar shi ya mutu, a riƙe lambobin juna ana taro ko da sau ɗaya a wata, domin maganar diyya takan ɗauki shekaru, kuma idan masu hakki suka watse ba mai bin ta.