Gwajin kwano kafin a saka shi a maikirowef

'Yan uwa, kafin ku ɗumama miya a sabon kwanon da ba na ƙarfe ba, ku saka shi babu komai a cikin maikirowef tare da kofin gilashi cike da ruwa, ku kunna na minti 1. Idan ruwan ya yi zafi kwanon kuwa bai ɗumama ba, ya dace. Idan kwanon ne ya ɗauki zafi, to yana shanye zafin da abinci ya kamata ya samu, kuma yana iya tsagewa. Ni dai na fi natsuwa da gilashi mai jure zafi, domin ina hango miyar kuka tana tafasa. Tangaran mai kauri yakan riƙe ɗumi har a gama cin tuwo, amma mai zanen ruwan zinare a baki yakan fitar da tartsatsi.