Yadda za ku raba kuɗin wuta a gidan haya ba tare da an cuci kowa ba

Duk wanda ya zauna a gidan haya mai mita ɗaya a Abuja, ko Gwagwa ne ko Karmo ko Dei-Dei ko Kubwa, ya san ranar da mita ta fara ƙara tana neman kati ita ce ranar da gaisuwa ke raguwa a tsakar gida. Abin ya ƙara zafi ne tun watan Afrilun 2024 da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta kai kuɗin yunit ɗaya na 'yan Band A zuwa naira 225, wato layukan da aka ce za su riƙa samun wuta awa 20 a rana, daga baya an ɗan rage amma har yau ba wasa ba ne.

Abu na farko, ku daina raba kuɗin daidai ɗaki-ɗaki. Yana kama da adalci amma wallahi kashin dankali ne, gwauron da ke fita aiki tun asuba ya dawo bayan isha'i, kwan fitila biyu da fanka da cajin waya kawai gare shi, a ce ya biya dubu biyar daidai da mai iyalin da ke da firiza da hita da dutsen guga kuma matarsa na girki da hotfilet, toh ina adalcin yake.

Kafin ku zauna ku fahimci me ake nufi da yunit, don yawancin rigimar daga rashin sanin nan take. Yunit ɗaya shi ne kayan wat 1,000 ya yi aiki awa ɗaya. Dutsen guga kusan wat 1,000 ne ko fiye, awa ɗaya na guga ya cinye yunit kenan. Kwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci wannan yunit ɗin. Fankar sama wajen wat 70 ce. Hitar dafa ruwa da hotfilet daga 1,000 zuwa 1,500 suke. Firiza wat ɗinta ba yawa amma ita ba ta barci, dare da rana tana ja. Kun ga kenan mai yi wa yara faɗa don sun bar fitila a kunne alhali hitarsa na cikin bokiti, ba yaran ne matsalar gidan ba. A juya bayan kowane kaya za a ga wat ɗinsa a rubuce, ba sai an yi musu ba.

Sai ku kirga poyin, amma ba irin kirgen da kiyateka ke yi ba na kowane soket poyin ɗaya, wannan ma cuta ce. Ku ba kowane kaya nauyinsa, misali fitilun ɗaki gaba ɗaya 1, fanka 1, talabijin 1, dutsen guga 2, firij 3, firiza 4, hita 3, hotfilet 5, esi kuwa ni a ganina mai shi ya nemi mitarsa daban kawai. Lambobin ba wahayi ba ne, ku daidaita su yadda kowa ya yarda. In poyin gidan duka ya kama 60 kuma kuna sayen katin 30,000 a wata, poyin ɗaya 500 kenan, mai poyin 4 ya ba da 2,000, mai 12 ya ba da 6,000, shikenan. A shiga ɗakuna a gani da ido, mutum biyu ko uku, ɗakin matan aure kuma mata su shiga, don hita ƙarama ce tana ɓuya a ƙarƙashin gado.

Inda ake yawan jin nauyi shi ne mai sana'a. Akwai Hajiyar da ke ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a firiza biyu, kowa na girmama ta, 'ya'yan kowa na shan zoɓonta kyauta wani lokacin, sai a kasa magana ana ta gunaguni a bayan ido. Gara a same ta ita kaɗai cikin mutunci a ce Hajiya dan Allah ga lissafin da muka yi, firizar sana'a kaza take ci, ki duba ki gani. Yawanci ba ta ma san yawan abin da take ja ba. Haka Baba mai gida in yana zaune a cikin gidan, shi ma a rubuta poyin ɗinsa a takardar lissafin, ko da a ƙarshe kun yafe masa, ya zama ku kuka yafe ba shi ya yafe wa kansa ba.

Fitilar tsakar gida da ta ƙofa a raba daidai. Injin bohol kuma a raba bisa yawan mutanen ɗaki, mai 'ya'ya shida ba ɗaya yake da gwauro ba wajen ruwa. Wanda ya tafi gida hutun sallah ko ya yi wata ba ya nan, in ya faɗa tun kafin ya tafi kuma ya kashe firij ɗinsa, kuɗin fitilar waje kawai zai biya.

Mai sayen kati ya riƙa tura hoton risit a gurup ɗin WhatsApp na gidan duk lokacin da ya saya, da hoton mita bayan ya loda. A risit ɗin za ku ga an cire harajin VAT kashi 7.5, wani lokaci kuma ana cire tsohon bashin da ke kan mitar, shi ya sa yunit ke zuwa ƙasa da yadda kuka zata har a fara zargin mutum da ɓoye canji. In akwai tsohon bashi ku kai wa mai gida maganar, sabon ɗan haya da ya shigo jiya bai sha wutar shekara uku baya ba. Kuma a riƙa karɓa-karɓa wajen sayen, kar mutum ɗaya ya riƙe har abada.

In kirgen poyin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ku haɗa kuɗi a sa wa kowane ɗaki ƙaramar cek mita, ana samunta a shagunan kayan wuta, ƙwararren mai gyaran wuta zai haɗa ta bayan babbar mitar, ƙarshen wata kowa ya karanta tasa ya biya abin da ya sha. Ku tsaya a kansa lokacin aikin, in ya kawo shawarar a zagaye babbar mitar a yi bayfas ku ce a'a, laifi ne mai tara kuma gidan gaba ɗaya za a yanke wa wuta. In kuma babbar mitar ce kuke zargin tana gudu fiye da kima, ku rubuta ƙorafi zuwa ofishin AEDC, kamfanin rarraba wuta na Abuja, da ke unguwarku ku riƙe kwafi, in ba a warware ba sai ku wuce ofishin sauraren ƙorafi na NERC da kwafin a hannu.