Yadda ake neman diyyar rauni bayan hatsarin mota a Kebek

A gida, idan mota ta buge mutum, dangin direba ne ke zuwa asibiti dubiya, su biya kuɗin magani iya ƙarfinsu, dattawa su sa baki, a ce ƙaddara ce, wanda aka buge ya ce ya yafe. Da wannan tarbiyya 'yan'uwanmu suke sauka a lardin Kebek na ƙasar Kanada, musamman mutanen Nijar da Kamaru da Chadi waɗanda Faransanci ya kai su Montreyal. Sai tsautsayi ya afka wa mutum, ya yi wata biyu a kwance, ga kuɗin haya, ga na gida suna jiran aike, amma ya ƙi neman ko sisi don kada ya jefa ɗan wani cikin wahala. Wannan abu yana ci mini rai, domin a Kebek diyyar rauni ba daga aljihun direba take fitowa ba.

Tun ranar 1 ga Maris 1978 lardin yake da inshorar gwamnati ta raunin hatsarin mota, bisa dokar da minista Lise Payette ta tsaya wa a gwamnatin René Lévesque, firimiyan lardin na lokacin. Hukumar da ke riƙe da ita yanzu ita ce SAAQ, wadda ke ba da lasisin tuƙi da lambar mota, kuma daga kuɗin da ake biya na waɗannan biyun ake tara asusun. Ba a tambayar wa ke da laifi. Direba da fasinja da mai tafiya a ƙasa da mai keke da mai babur duk suna da haƙƙi, har wanda shi ne ya jawo hatsarin. Abin da aka sadaukar a madadin haka shi ne ƙara: ba ka da damar kai kowa kotu a Kebek a kan raunin jikinka. Dokar tana da faɗi ƙwarai, don a 2012 Kotun Ƙoli ta Kanada ta yanke cewa ko bishiyar da ta faɗo kan mota ta kashe direba a Westmount, wani gari da ke manne da Montreal, maganarta a ƙarƙashin wannan doka take. Gyaran mota kuwa ba ruwan SAAQ, na kamfanin inshorarka ne.

Mataki na 1: Duba matsayinka

Idan kana zaune a Kebek bisa doka, ɗan ƙasa ne kai, ko mai takardar zama na dindindin, ko mai izinin zama, to kana ciki, ko ba ka taɓa riƙe sitiyari ba. Baƙon da ya zo ziyara, kamar gyatumar da aka ɗauko zaman jego, idan hatsarin ya same ta cikin mota mai lambar Kebek a cikin lardin, kamar mazauniya ake ɗaukarta. Idan a ƙasa take tafiya, ana biyanta gwargwadon rashin laifinta.

Ga inda na fi so a buɗe kunne: mazaunin Kebek yana da wannan haƙƙi a ko'ina cikin duniya. Ka je hutu gida, mota ta kife da ku tsakanin Maraɗi da Damagaram, muddin zamanka na Kebek bai yanke ba, SAAQ za ka nema. Don haka kada ka baro gida sai da rahoton jandarmomi ko 'yan sanda, da takardar likitan da ya duba ka, da rasit na kowane magani.

Idan kuwa kana bakin aikin wani ne hatsarin ya faru, a ce kana tuƙa motar kamfani, hukumar raunin ma'aikata, CNESST, ita ce ƙofarka.

Mataki na 2: A wurin hatsari

In akwai rauni, a kira 911, 'yan sanda su zo su rubuta rahoto, ka karɓi lambar rahoton. Takardar nan da direbobi biyu ke cikewa tsakaninsu, wadda ake ce wa constat amiable, ta lalacewar mota ce kawai. Ɗauki lambar ɗaya motar da sunan duk wanda ya ga abin da ya faru.

Mataki na 3: Ga likita a ranar, ko washegari

A nan ne yawanci ake asara, kuma halinmu na dauriya ne ke jawo ta. Mutum zai fito daga mota yana karkaɗe riga yana cewa alhamdu lillahi, ba abin da ya same shi. Godiya ga Allah wajibi ce, amma ciwon wuya da na baya da buguwar kai sukan yi kwana biyu ko uku kafin su bayyana. Idan sai bayan wata guda ka je asibiti, tambayar da za ta biyo baya ita ce: me ya nuna daga hatsarin ciwon ya samo asali? SAAQ ba ta binciken laifi, amma tana binciken alaƙar ciwo da hatsari, kuma takardar likita ta farko ita ce babbar shaidarka.

Ka gaya wa likita a fili cewa hatsarin mota ne, ka nemi ya cike rahoton farko na SAAQ. Sannan ka lissafa masa komai, ba wanda ya fi zafi kaɗai ba. Gwiwar da ke ɗan ciwo, jiri, ƙarar kunne, mantuwa, rashin barci, faɗuwar gaba in ka ji ƙarar burki, duk a rubuta. Mun saba jin nauyin faɗin irin waɗannan, musamman maza, alhali raunin zuciya ma doka ta san da shi. Ciwon da ka ɓoye yau, in ya tsananta nan da wata shida, da ƙyar za ka haɗa shi da hatsarin.

Ba na raina ɗori ko tofi ko man shafawa na gida. Sai dai ba su barin takarda a fayil, saboda haka kada su hana ka zuwa asibiti.

Mataki na 4: Buɗe fayil

Ka kira SAAQ ko ka shiga shafinta na intanet ka nemi takardar neman diyya. Doka ta ba ka shekara 3 daga ranar hatsari, amma ba dalilin jira, tunda ba a fara biya sai fayil ya buɗe. Tanadi katin lafiyarka na RAMQ, wato hukumar inshorar lafiya ta lardin, da lambarka ta inshorar zamantakewa, da rana da wurin hatsari, da lambar rahoton 'yan sanda. Akwai takardar da mai gidan aikinka zai cike game da albashinka. Mai sana'ar kansa kuma takardun harajinsa zai kawo. Za a ba ka lambar fayil da jami'in da zai riƙa bin maganarka. Rubuta lambar a saman kowace takarda da za ka aika, ka ajiye kwafi.

Mataki na 5: San abin da ake biya

Mafi girma shi ne madadin albashi. Idan rauni ya hana ka aiki, ana biyanka kashi 90 cikin 100 na abin da ke shiga hannunka bayan haraji, har zuwa wani iyaka da ake sabuntawa kowace shekara. Kwana 7 na farko ba a biya, daga nan kuɗin na zuwa duk kwana 14. A nan mai aikin bayan fage, wanda ake biya a hannu ba a kai haraji, yake shan wuya, don albashin da babu shi a takarda ba shi da shaida. Ɗalibin da rauni ya sa ya rasa zango ko shekarar karatu yana da nasa kuɗin. Wanda ba shi da aiki lokacin hatsari amma yana da ƙarfin yi, daga kwana na 181 hukumar kan ƙaddara masa irin aikin da ya dace da iliminsa da gogewarsa, ta yi lissafi a kai.

Sai kuɗaɗen da ake mayar maka: magani, gashin ƙashi da motsa jiki, kuɗin mota zuwa asibiti, tabarau ko tufafin da suka lalace. Idan ba ka iya wanka ko girki da kanka, akwai kuɗin mai taimako a gida, kuma uwar da ke rainon yara ta kasa saboda rauni tana da haƙƙin kuɗin reno. Mata da yawa ba su san wannan ba, suna ganin tunda ba su da albashi ba su da komai. Kowane kaya yana da iyakar da ake biya, don haka tambayi jami'inka kafin ka kashe kuɗi mai yawa.

Bayan jiki ya tsaya inda zai tsaya, ana auna abin da ya saura, kamar tabo, ko gaɓar da ba ta lanƙwasuwa, ko ciwon da ya zauna, a biya kuɗi dunƙule. In rai ya yi halinsa, mata ko miji da 'ya'ya suna da diyya, har da kuɗin jana'iza.

Mataki na 6: Kada ka yanke zuwa asibiti

Duk ranar da aka ba ka, ka je. Hukumar tana iya tura ka wurin likitan da ta zaɓa, kuma ƙin zuwa ba da uzuri ba yana iya sa a dakatar da kuɗinka. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar kowace ganawa, da sunan wanda ka yi magana da shi a waya, da abin da ya ce. In ka koma aiki ko ka canja gida, sanar da su. In ciwo ya dawo bayan an rufe fayil, koma wurin likita, domin ana sake buɗewa.

Mataki na 7: Idan an hana ka

Hukuncin SAAQ a rubuce yake zuwa, kuma ba shi ne ƙarshen magana ba. Kana da kwana 60 daga ranar da ya iso ka don neman hukumar ta sake dubawa. Kwana 60 ba wuya sun wuce ga mai jinya, shi ya sa nake roƙon kada a ajiye ambulan ba a buɗe ba don tsoron Faransancin ofis. Kai wa wanda ya iya ya karanta maka a ranar. Lokacin neman sake dubawa, kuka da rantsuwa ba sa canja hukunci, sabon rahoton likita ne ke canja shi, musamman na ƙwararre a kan irin ciwonka. In sake dubawar ma ba ta gamsar da kai ba, kana da wasu kwana 60 na kai maganar gaban kotun sauraron ƙorafi a kan hukumomin lardi, wadda ake kira TAQ, kuma ita ba a ƙarƙashin SAAQ take ba. A wannan gaɓa ya kamata ka nemi lauya, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya fara zuwa ofishin taimakon shari'a na unguwarsu da takardun kuɗin shigarsa, a duba ko ya cancanci lauya kyauta.