Yadda ake sayen tsaraba a kasuwannin Bauchi

Ka shiga Kasuwar Muda Lawal da hantsi, kafin rana ta take. Ka tanadi canji, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, domin masu ƙananan kaya ba su cika samun canjin dubu ba, taransifa kuma takan maƙale.

Fara karyawa da masa, wadda aka kwaso daga tanda a gabanka. Ita dai a nan ake cinta. In ta kwana a jaka sai ta yi tsami.

Abin tafiya shi ne kilishi. Ɗauki yanki ka lanƙwasa. Mai kyau ya bushe ƙayau, labun ya kama naman sosai. In akwai danshi a tsakiya, funfuna zai yi kafin ka isa gida, musamman in an ƙulle shi a leda da ɗuminsa. Ka ce a naɗe maka a takarda.

Kuka kuwa, nemi koriya shar, ka murza ka ji ko da yashi.

Daga nan wuce Kasuwar Wunti neman faifai ko tabarma. Duba bakin saƙar, nan take fara warwarewa. Ka gaisa tukuna, sannan: "Alhaji, nawa ne gaskiya?" In ka taya ya ce albarka, ƙara kaɗan.