Kurakuran da ke karya sabon ɗan dambe tun bai kai ko'ina ba

Da an gama girbin gero za ka ga samari a Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara sun ɗaure hannu suna neman suna a fage. Kafin wata kaka ta zagayo, da yawa sun ajiye zare. Abin da ke cin yawancinsu gaggawa ce.

Yaro ya yi kisa biyu a ƙauyensu, wato ya kai abokan dambe biyu ƙasa, makaɗa suka kaɗa masa take da kalangu, sai ya ce a haɗa shi da wanda ya shekara goma yana dambe. Turmi ɗaya, wato zagaye ɗaya na dambe, ya isa a karya masa zuciya. Ɗan'uwa, ka zauna ƙarƙashin ubangidanka, a kira ka shagonsa, wato yaronsa mai koyon dambe, ka dambata da sa'o'inka har shi da kansa ya ce ka isa.

Sai masu horar da hannun ɗauri kaɗai, su wuni suna naushin buhun yashi. Ai kisa a dambe shi ne gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, don haka ƙafa ce ke riƙe da kai. Ka yi gudu bayan sallar asuba, ka yi tsallen igiya, ka koya wa hannun kariya aikinsa. Turmi uku ake yi, kuma a na uku ake gane mai numfashi. Da damina ma kada ka bari gaba ɗaya. Noma na ba da ƙarfi, amma ba ya koyar da kaucewa.

Wanda ya fi damuna shi ne komawa fage bayan an sha naushi a kai. An sumar da mutum yau, an yayyafa masa ruwa, jibi ya sake ɗaure hannu don kada a ce masa rago. Ƙwaƙwalwar da ta girgiza tana bukatar hutu, kuma bugu na biyu kafin ta warke na iya nakasa mutum ko ya yi ajalinsa. A damben zamani, wanda aka sumar sai ya huta aƙalla kwana 30. Idan akwai amai, jiri, mantuwa ko ciwon kai da ya ƙi tafiya, a tafi asibiti. Iyayen gida, wannan hakki a wuyanku yake.

Haka ƙwaya. Tiramadol na ɓoye ciwo, sai ka ci gaba da naushi da tsagaggen ƙashi ba ka sani ba. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024.

In kuwa an kashe ka a gaban jama'a, kada kunya ta sa ka ƙaurace wa fage. Ka nemi wanda ya ɗauki wasan a waya, ku zauna da ubangidanka ku duba inda ka sauke hannun kariya ko ka haɗe ƙafafu. Wannan gurbin za ka yi ta gyarawa kafin a sake sa ka.