Kafin ku kwaikwayi bidiyon miƙe gaɓar da ta sandare

Assalamu alaikum 'yan uwa masu jinya. Ga mai kula da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko yaron da gaɓoɓinsa suka sandare tun haihuwa, don Allah a yi hattara da bidiyon YouTube da TikTok. Yawan masu kallo ba shaidar inganci ba ne. Ku fara duba mai maganar: likitan fisiyo ne da ya faɗi inda yake aiki, ko mai tallan man shafawa?

Duk bidiyon da kuka ga ana fizgar hannu da ƙarfi, ku wuce shi. Tsokar da ta sandare, gwargwadon saurin jan ta gwargwadon ƙanƙamewarta. A hankali ake buɗe yatsun da suka dunƙule, a riƙe, ana kallon fuskar majinyaci. In ya yamutsa, a sassauta.

Wanda ya ce a daina shan baclofen, maganin sassauta tsoka, lokaci guda, kada ku saurare shi, hakan na iya kawo farfaɗiya. Allurar Botox ma, da ake yi don sassauta tsokar, kusan wata 3 take aiki, ba warkewa ba ce.

In sandarewar ta ƙaru kwatsam, a duba ciwon fitsari, gyambon kwanciya ko taurin bayan gida, a kai shi asibiti. Allah Ya ba su lafiya.