Yadda Ake Auna Cinikin 'Yan Wasan Hokin Ƙanƙara Kafin a Ɗaga Murya

Duk Basakkwacen da ya fara bin gasar NHL ta hokin ƙanƙara a wayarsa, da tunanin ƙwallon ƙafa yake shigowa. Ya saba da gidajen kallo na Mabera ko Runjin Sambo, inda in kasuwar 'yan wasa ta buɗe tambayar ɗaya ce: nawa aka saye shi? A NHL wannan tambayar ba ta da wurin zama, domin kulob ba ya sayen ɗan wasa daga wani kulob da tsabar kuɗi. Musaya ake yi: mutum da mutum, ko mutum da gurbin zaɓen matasa, wato damar da kulob ke da ita ta ɗaukar sabon matashi a zaɓen da gasar ke yi duk shekara. Shi ya sa za ka ga mai goyon baya ya tashi yana kumfar baki wai an ba da gwani a banza, alhali bai duba abin da aka ajiye a aljihu ba. Ga yadda ake bin lamarin daki-daki daga ƙarshen Yuni zuwa Oktoba.

Fara da rufin albashi

Kulob 32 ne a gasar, a Amurka da Kanada, kuma tun 2005 kowanne yana da iyakar abin da zai kashe wa albashin 'yan wasansa a kaka guda. Lokacin da aka fara, dala miliyan 39 ce. A kakar 2024-25 ta kai miliyan 88, a 2025-26 miliyan 95.5, kuma an riga an sanar da miliyan 104 a 2026-27. Attajirin kulob irin Toronto da ƙaramin kulob duk rufi ɗaya ne a kansu. Akwai kuma mafi ƙarancin kuɗin da ba a yarda kulob ya kashe ƙasa da shi ba.

Da zarar ka ji an sa hannu a kwantiragi, ɗauki biro ko kalkuletar waya ka yi lissafi biyu. Na farko, raba jimillar kuɗin da yawan shekaru; abin da ya fito shi ne nauyin ɗan wasan a kan rufin kowace shekara, ko da ainihin abin da ake biyansa yana hawa da sauka. Na biyu, raba wannan nauyi da rufin shekarar don ka sami kasonsa cikin ɗari. Matthew Tkachuk ya koma Florida a 2022 kan miliyan 76 na shekara 8, wato 9.5 a shekara. Rufin lokacin miliyan 82.5 ne, ke nan ya ci kusan kashi 11.5. Mitch Marner ya koma Vegas a 2025 kan miliyan 96 na shekara 8, wato 12 a shekara, kusan kashi 12.6 na rufin 95.5. A ido tazarar miliyan biyu da rabi ce, amma a kaso ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Wanda ya kwatanta kwantiragin bana da na shekara biyar baya da dala zalla, ya auna gero da mudun da ba nasa ba. Doka ba ta barin mutum ɗaya ya wuce kashi 20.

Kada ka firgita in ka ga kulob ɗinka ya haura rufin a watan Yuli. An yarda a wuce da kashi 10 lokacin hutu, muddin za a dawo ƙasa kafin ranar buɗe kaka. Abin da wannan ke faɗa maka shi ne akwai wanda za a sallama nan gaba, don haka kada ka yi saurin buga sunan kowa a bayan riga.

Shekaru sun fi kuɗin ciwo

Nan ne yawancin masu murna suke faɗawa rami. Ɗan wasa ba ya samun cikakken 'yancin zuwa inda ya ga dama sai ya kai shekara 27 ko ya yi kaka bakwai a gasar. Ma'ana, yawancin waɗanda ke shigowa kasuwa ranar 1 ga Yuli, ranar da ake buɗe ta ga waɗanda kwantiraginsu ya ƙare, sun riga sun ci rabin ƙarfinsu. In aka ba mai shekara 30 kwantiragin shekara 7, kulob na biyan abin da ya yi wa wasu jiya, kuma zai ci gaba da biya har ya kai 37, lokacin da ƙafa ta yi nauyi a wasan da gudu ne jarinsa. Don haka ka haɗa shekarunsa da tsawon kwantiragin ka ga inda za a tsaya. In jimillar ta wuce 35, ka rage murna.

Nashville ta nuna wannan a fili. Ranar 1 ga Yuli 2024 ta ɗauko Steven Stamkos kan miliyan 32 na shekara 4, Jonathan Marchessault kan 27.5 na shekara 5, da Brady Skjei kan 49 na shekara 7. Dukansu sun kai ko sun haura 30. Magoya baya da 'yan jarida suka ce ita ta cinye kasuwar. Da kaka ta ƙare ta tashi da maki 68, ta 30 cikin 32.

Tsawon kwantiragi ma yana da iyaka: shekara 8 in kana sabunta wa kulob ɗinka, 7 in sabon wuri ne, kuma sabuwar yarjejeniyar gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta rage su zuwa 7 da 6 daga kakar 2026-27. Tkachuk da Marner sun samu 8 ne don tsoffin kulob ɗinsu suka sa wa hannu kafin a yi musayarsu. Sannan ka duba ko akwai sharaɗin hana musaya. Mai irin wannan sharaɗin ba a kai shi ko'ina sai da yardarsa, ko kuma yana da jerin kulob ɗin da ya ce ba zai je ba. In ka ga an ba da babban suna a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kafin ka zagi janar manaja ka bincika: mai yiwuwa masu saye biyu kawai ɗan wasan ya amince da su, kuma mai sayarwa da ba shi da zaɓi ba ya tsawwala farashi.

In kulob ya gaji da kwantiragi yana iya biyan sallama. Lissafin haka yake: mai shekara 26 zuwa sama ana biyansa kashi biyu cikin uku na albashin da ya rage, wanda bai kai ba kashi ɗaya cikin uku, a shimfiɗa kuɗin a kan ninkin shekarun da suka rage. A ce mai shekara 31 yana da sauran shekara 2 a kan miliyan 6 kowace. Jimilla 12, za a biya 8, a raba shekara 4, wato miliyan 2 duk shekara tana zaune a kan rufi ga mutumin da yake buga wa wani. Minnesota ta sallami Zach Parise da Ryan Suter a Yulin 2021, waɗanda ta ba kowannensu miliyan 98 na shekara 13 a 2012. A kakar 2023-24 da ta 2024-25 wannan mataccen kuɗi ya kusa miliyan 15 a shekara. Duk wanda ya riƙa yi wa kulob ɗin ihun rowa a waɗannan shekarun bai duba littafin bashi ba.

Ɗan talala

Matashin da kwantiraginsa ya ƙare amma bai kai shekarun 'yanci ba, talala aka yi masa, mai kamar sake. Kulob ɗinsa na riƙe da igiyar muddin ya miƙa masa tayin riƙo a kan lokaci. Wani kulob na iya zagayowa ya ba shi takardar tayi. In ya sa hannu, masu shi suna da kwana 7 su biya daidai da hakan ko su sake shi su karɓi guraben zaɓe a madadinsa. Ba kasafai ake yi ba, amma a Agustan 2024 St. Louis ta yi wa Edmonton haka a kan mutum biyu lokaci guda, Philip Broberg da Dylan Holloway. Edmonton ta riga ta cika rufinta da manya, ta kasa biya, ta karɓi gurbin zagaye na biyu da na uku. Kulob ɗin da ya bar matasansa ba kwantiragi har Agusta kuma aljihunsa ya cika, shi ake yi wa wannan dirar mikiya.

Guraben zaɓen nan kuwa kada ka ɗauke su duk ɗaya. Zagaye 7 ake yi a ƙarshen Yuni. 'Yan sahun farko irin Connor McDavid a 2015 ko Macklin Celebrini a 2024 suna shiga wasa nan take. Sauran yawanci sai sun yi shekara biyu zuwa huɗu a ƙananan gasa ko jami'a, da yawa kuma ba za su taɓa zama 'yan wasan dindindin ba. Gurbin zagayen farko na kulob mai ƙarfi yana faɗowa can wajen na 28 zuwa 32, ba abin da za a yanka rago a kansa ba ne. Amfanin matashi shi ne arha: kwantiraginsa na farko, shekara 3 ga mai 18 zuwa 21, yana da ƙayyadadden albashi, kuma da wannan rarar ake biyan manya.

Wane gurbi zai cika?

Mutum 20 ke sa kaya a wasa: gola 2, yawanci 'yan baya 6 da 'yan gaba 12. 'Yan gaba ana jera su sahu huɗu na mutum uku-uku, 'yan baya biyu-biyu sahu uku, ana ta sauya su cikin wasa ba tare da an tsaya ba, kowane sahu ƙasa da minti ɗaya a kan ƙanƙara kafin ya fito. Zana wannan jadawalin a takarda ka sa sabon mutum a inda zai zauna. In shigarsa ta tura wani gwani sahu na uku, to ba ƙari aka yi ba sosai. Ɗan tsakiya da ɗan baya mai riƙe sanda ta dama sun fi wuyar samu, shi ya sa farashinsu kan ba wa sabon shiga mamaki.

Sai ka duba ƙwallayen da ya ci, amma ka raba su da yawan bugun da ya kai raga. Matsakaicin gasar yana yawo kusa da kashi 10 zuwa 11. William Karlsson ya ci 43 a Vegas a 2017-18 da kashi 23 da ɗoriya. Kaka ta gaba ya ci 24. Bai lalace ba, sa'a ce ta koma gidanta. Ka ɗauki kaka uku a jere, ka kuma tambaya da wa yake wasa, domin wanda ke gefen McDavid ko makaho ne zai ci rabonsa.

Cinikin Florida da Calgary na Yulin 2022 ya isa darasi a nan. Florida ta ba da Jonathan Huberdeau, wanda ya tara maki 115 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci) a kakar da ta gabata, ta haɗa da ɗan baya MacKenzie Weegar, da wani matashi, da gurbin zagayen farko, duk a kan Tkachuk da gurbin zagaye na huɗu. Mutane da yawa suka ce Florida ta yi wauta. Abin da ba a tsaya an auna ba: Tkachuk yana 24, Huberdeau yana 29, kuma shi da Weegar saura musu shekara ɗaya-ɗaya su sami 'yanci. Huberdeau ya karɓi miliyan 84 na shekara 8 a Calgary, ya sauko maki 55. Florida ta kai wasan ƙarshe a 2023, ta ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, a 2024 da 2025.

Lokaci da majiya

Kasuwar 1 ga Yuli tana buɗewa ƙarfe 12 na rana agogon New York, wato ƙarfe 5 na yamma a Sakkwato, bayan La'asar. Ka cika batir da data tun da rana, don damina ce kuma hadari na iya ɗauke wuta da sabis. Awa uku na farko su ne ruwan labari. Zagayen farko na zaɓen matasa kuwa wajen tsakar dare yake farawa a nan. Ba sai ka hana kanka barci ba, da Asuba jerin yana nan.

A waɗannan awannin ne masu shafukan bogi ke cin kasuwa. Sukan ɗauki hoton sanannen ɗan jarida irin Elliotte Friedman ko Pierre LeBrun, su canza harafi ɗaya a sunan, su saki ƙarya. Kafin ka tura wa zauren WhatsApp, ka duba harufan sunan ɗaya bayan ɗaya, ka jira shafin kulob ɗin ya tabbatar, sannan ka leƙa PuckPedia, shafin intanet da ke tattara kwantiragin 'yan wasan NHL, don ganin cikakken kwantiragin. Sanarwar farko ba ta cika faɗin ko tsohon kulob ya riƙe wani kaso na albashin ba, kuma ana iya riƙe har rabi. Ɗan wasan miliyan 8 da aka samu a kan 4 wani ciniki ne dabam.

Wani abin da ke ruɗa masu zargin 'yan wasa da cin amana shi ne haraji. Jihohin Florida, Nevada, Texas da Tennessee ba su karɓar harajin albashi na jiha, don haka ƙaramin tayi a can na iya fin babban tayi a Toronto ko Montreal yawan abin da zai shiga aljihu.

In aka zo teburin mai shayi wani ya ce maka, "Malam, wanga ciniki wa yac ci riba?", ka ba shi abu huɗu: kason rufi, shekarun da ɗan wasan zai kai a ƙarshen kwantiragi, sahun da zai shiga, da wanda aka rasa don a samu wurinsa. Sauran hukuncin ka jinkirta. Ana shiga sansanin horo a Satumba, kuma a ƙarshensa dole kowane kulob ya rage mutanensa zuwa 23. Wanda ya kwana biyu a gasar ba a saukar da shi ƙaramar gasa sai an baje shi awa 24 kowane kulob na iya ɗauka ba tare da ya ba da kowa a madadinsa ba, don haka jerin da ka zana a Yuli ka rubuta shi da fensir, ka sake dubawa a makon farko na Oktoba.